Mama ta karye a ƙugu da baya, Yaya yace kar wanda ya tada ta daga gado

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Mahaifiyarmu ce, shekararta 74, ta zame a banɗaki yau sati biyar kenan, ba ma wata muguwar faɗuwa bace, zama kawai tayi da ƙarfi a ƙasa. A asibiti aka ɗauki hoto akace ƙashin ƙugunta ya tsage ta gaba, sannan gaɓa ɗaya a ƙashin bayanta ta lotsa. Likita yace ba sai anyi aiki ba, bayan kwana huɗu aka sallame mu yace a dinga tada ita tana takawa da ƙarfen dogarawa. Toh tunda muka dawo gida Mama bata taka ko sau ɗaya ba. Ranar da muka fara gwadawa tayi ihu sosai, Yayanmu yana wajen, shikenan yace kar wanda ya ƙara taɓa ta sai ƙashin ya kama, kuma shi yake biyan komai. Yanzu ta rame, bata cin abinci, famfas muke sa mata, jiya kuma naga wani wuri a ƙasan bayanta yayi duhu kamar zai ƙuje. Kullum cewa take ita tata ta ƙare. Ni nake kwana da ita, ga yarana uku, maigida ya fara magana. Abin da ban faɗa wa kowa ba Anti, ni na wanke banɗakin ranar ban goge ruwan ba. Mama zata ƙara tafiya kuwa? In bi maganar Yaya ko in saɓa masa?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya ba Mama lafiya ya saka miki da alheri. Zan fara da maganarki ta ƙarshe dan na san ita ce take hana ki bacci fiye da komai. Ki saurare ni da kyau, lafiyayyen ƙashi baya karyewa dan mutum ya zauna da ƙarfi a ƙasa. Da ke ce kika zame a wannan ruwan da tashi zakiyi ki kakkaɓe jikinki ki cigaba da aikinki. Abin da ya karya Mama ya daɗe yana aiki a jikinta shiru ba wanda ya sani, zaizayar ƙashi ce, wacce take kama mata sosai bayan al'ada ta ɗauke saboda sinadarin da yake tsare ƙashi ya ragu a jiki. A lissafin masana, cikin mata uku da suka haura shekara 50 ɗaya zata gamu da irin wannan karayar a rayuwarta, maza kuma ɗaya cikin biyar. Akwai tsofaffin da gaɓar bayansu take lotsawa daga tari kawai ko sunkuyawa su ɗau bokiti, kuma kusan biyu cikin uku na irin wannan lotsawar ba a ma gano su, sai dai a ga tsohuwa tana ta ranƙwafawa ana cewa tsufa ne. Toh ruwan nan sanadi ne kawai, kina wanke wa uwarki banɗaki ne, hidima kike mata. Ki sauke wannan kayan daga kanki dan akwai aikin da yake jiranki kuma yana buƙatar hankalinki gaba ɗaya.

Maganar Yaya kuma gaskiya ɗaya ce, likita ne yake kan daidai. Amma na fahimci inda Yaya ya dosa, abin da duk muka taso muka sani shine in hannu ko ƙafa ta karye a ɗaure a hana ta motsi har ta kama, shi da wannan ma'aunin yake auna Mama. Ƙashin ƙugu ba haka yake ba, kamar zobe yake kewaye da nama da jijiyoyi masu ƙarfi, in tsagewar ta gaba ce kawai kuma bata goce ba zai iya ɗaukar nauyin mutum yana warkewa a haka, gaɓar baya da ta lotsa ma yawanci a zaune take daram bata zamewa. Shi yasa akace ta taka gwargwadon yadda ciwo ya bar ta. Gadon da Yaya yake gani kamar kariya, shi ne yake cinye ta. A 2007 anyi wani bincike a Amurka, aka kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya kwana 10 kacal ba tashi, a wannan ɗan lokacin kusan kilo ɗaya na tsoka ya zube daga ƙafafunsu, mutanen da ba abin da ke damunsu fa kenan, kwana 10. Mama sati biyar. Ga huhu da baya buɗewa sosai in mutum na kwance sai majina ta taru nimoniya ta shigo, ga jini da yake iya daskarewa a jijiyar ƙafa ya ɓalle ya tafi huhu, ga ciki ya ƙulle, ga gyambon kwanciya wanda da alama shi kika fara gani jiya, sannan shi kansa ƙashin da ake jira ya kama ƙara zaizayewa yake in baya ɗaukar nauyi. Tsofaffin da suke rasuwa bayan irin wannan karayar, da yawansu waɗannan abubuwan ne suke tafiya da su.

Amma fa ban ce gobe da safe ki kama hannun Mama ki miƙar da ita ba, a'a. Bayan sati biyar a kwance sai an koma asibiti tukun, cikin satin nan, kar ki jira ranar da aka rubuta muku a kati. Ihun nan da tayi bana so a ɗauke shi a matsayin raki. Tunda ƙugu zobe ne, in ya tsage ta gaba sau da yawa akwai wata tsagewar ta baya, a faffaɗan ƙashin nan da yake ƙasan gadon baya, kuma hoton eksire na farko yakan kasa nuna ta, sai anyi CT ko MRI, wato hotunan na'ura da suke nuna cikin jiki dalla-dalla, ake gani. Ki faɗa wa likita ƙarara cewa tunda aka sallame ku bata taka ba saboda ciwo, ki nuna masa daidai inda take cewa yana mata zafi, ki tambaya ko za a duba bayan ƙugun. In an samu tsagewar da ke hana ta tsayuwa akwai aikin da ake yi ta ƙaramin yanka a ɗaure wurin da ƙarfe, manufarsa ma dama a samu ta tashi da wuri. Akwai kuma wanda ake zuba wani irin siminti a gaɓar bayan da ta lotsa, shi wannan kan likitoci a rabe yake, manyan bincike guda biyu a 2009 basu ga ya fi aikin bogi da aka gwada shi da shi ba, wani kuma da akayi a Ostireliya a 2016 ya ga amfaninsa ga masu sabuwar karaya da ciwo mai tsanani. Kar ki je da niyyar sai an mata shi, kar kuma ki firgita in an ambace shi, ki dai nemi a miki bayanin dalili.

Famfas ɗin nan ina da tambaya akai kuma ki lura sosai. Ana sa mata ne dan ba a kai ta banɗaki, ko kuwa fitsarin zubowa yake bata ji ba? In tana jin fitsari tana faɗa toh da sauƙi. In kuwa bata jin fitowarsa, ko ya ƙi fita gaba ɗaya mararta ta kumbura, ko tace tsakanin cinyoyinta da mazaunanta sun mutu bata jin taɓawa, ko ƙafa ta saki ba ƙarfi, wannan alama ce ta an danne jijiyoyin laka kuma ba a kwana da shi a gida, ko ƙarfe biyun dare ne asibiti za a tafi. Haka in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya fara mata wuya, ko zazzaɓi, ko ta wayi gari tana sambatu bata gane mutane. Tsoho in ya ruɗe farat ɗaya yawanci akwai cuta a ƙasa, ciwon mafitsara ko na huhu ko wani magani da ya mata ƙarfi.

Sai maganin ciwo, nan ne gidaje da yawa suke kuskure. Ana jira sai ciwon ya taso tana kuka sannan a bata, bayan kamata yayi a bata akan lokaci yadda aka rubuta, kuma a daidaita tashinta da kamar minti 30 zuwa 45 bayan ta sha, lokacin maganin ya fara aiki. Ina kyautata zaton ranar da tayi ihun nan haka kawai aka ɗago ta. Farasitamol ne aka fi farawa da shi, babba baya wuce giram 4 a rana, mai ƙaramin jiki irin Mama da ta rame ma ƙasa da haka ake bata, likita zai faɗa miki. Kar wani ya siyo mata diklofenak ko ibufurofen dan tausayi, suna taɓa ƙoda da ciki a jikin tsoho. Masu ƙarfi irin tiramadol kuma suna sa jiri da bacci da ƙullewar ciki, in likita ya ga dole sai da su toh na ɗan lokaci ne kuma a haɗa da mai sassauta ciki.

In likita ya duba yace a cigaba, ki roƙa a haɗa ku da likitan fisiyo, wato mai koya wa majinyaci motsa jiki, ya nuna miki da hannunsa, ko sau biyu ko uku ne. Na taɓa jinyar gwaggona da irin wannan ciwon bayan kuma abin da ya canza mana komai shine koyon yadda ake tashi. Ba a kama hannuwa a ja mutum yana rigingine, wannan naɗe bayan yake daidai inda ya lotsa. Zata lanƙwasa gwiwoyi, ta juya gefe kafaɗa da ƙugu tare kamar gungumen icce, a sauko da ƙafafu daga bakin gado tana dogara gwiwar hannu ta ɗago, sai ta zauna. Ranar farko zaman nan kaɗai ya isa, minti biyu ko biyar, dan zata ji jiri tunda jininta ya saba da kwanciya. Na tuna gwaggona ta riƙe min wuyan riga tana haki, ƙafarta na rawa akan tayil, muna ƙirga numfashi tare har goma sannan ta koma. Washegari sau uku muka yi. Bayan 'yan kwanaki ta koma kujera mai tsayi mai hannu da ƙarfin mazauni, kar ki sa ta a mai laushin nan da mutum yake nutsewa ciki, daga nan tsayuwa da ƙarfen dogarawa, daga nan taku uku zuwa bakin ƙofa. Ko tana kwance ma ta dinga motsa ƙafa sama da ƙasa tana jan numfashi mai zurfi. Abin da zata kiyaye na watanni shine sunkuyawa gaba, murɗa jiki, da ɗaukar abu mai nauyi, har da jikoki.

Wurin da yayi duhu kar ki murza shi kar ki shafa masa abu mai zafi. Ki dinga juya ta kamar duk awa biyu, ki sa filo tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin sangalin ƙafa yadda dunduniya bazata taɓa katifa ba, ki canza famfas da zarar ya jiƙe, ki duba wurin safe da yamma da haske mai kyau, sannan ki nuna wa likita. Rashin cin abincin nan ma yana da hannu, fata da tsoka da ƙashi dukkansu da furotin, wato abinci mai gina jiki, suke gyaruwa, ki bata kaɗan kaɗan sau da yawa, a zaune, kuma wani ya zauna ya ci tare da ita.

Yanzu Yaya. Bana so ki ɗauke shi abokin gaba, mutum ne da ya ji uwarsa tana ihu a gabansa ya kasa yin komai, hanawar da yayi tsoro ne da soyayya. In kika tare shi da cewa kai ka jawo ta rame zai ƙara kafewa ne, kuma kar kiyi a ɓoye bayan idonsa, in ta ɗan yi tuntuɓe a hannunki gidan ku bazai zaunu ba. Ki same shi ku biyu ki ce Yaya hankalina bai kwanta ba, ga abin da na gani a bayan Mama, zo ka gani da idonka, dan Allah ka raka mu asibiti kaji daga bakin likita. Ki bar shi yayi tambayoyinsa da kansa, har da wacce take cin sa, wato in ta taka ƙashin zai goce ko bazai goce ba. Sannan ki ba shi aiki, shi mai ƙarfi ne, shi zai tsaya a gefenta ranar tsayuwar farko. Namijin da ya riƙe uwarsa ta miƙe da wuya ya ƙara cewa a kwantar da ita. In ya ƙi zuwa, ki nemi likitan ko nas ta masa magana a waya, ko ki shigo da wani babba da yake jin nauyinsa. In duk wannan bai yi ba toh ki kai ta ke da sauran 'yan uwa, ki sanar da shi cikin ladabi kafin ku fita, biyan kuɗin magani hakki ne da ya sauke Allah ya saka masa, amma bai ba shi ikon hana uwarku ganin likita ba.

Na lura a wasiƙarki kowa yayi magana akan jikin Mama, likita yace Yaya yace, ita ba wanda ya tambaye ta. Mace da ta raini yara ta riƙe gida shekara da shekaru yau 'yarta ke canza mata famfas, dole tace tata ta ƙare, akwai kunya a ciki akwai karayar zuciya, ga tsoron ƙara faɗuwa wanda shi kaɗai yana zaunar da tsofaffi da yawa bayan ƙashin ya warke sarai. Kar ki ce mata haba Mama daina faɗin haka ki wuce. Ki zauna ki tambaye ta me tafi kewa. Ina ganin zata ce ta kai kanta banɗaki ba mai riƙe ta, toh sai ki mayar da wannan shine abin da kuke nema tare, ki samo kujerar bayan gida ki ajiye a gefen gado, ranar da ta fara amfani da ita a cire famfas na rana zakiga fuskarta ta canza. In kuma kukan da ƙin cin abincin da zancen mutuwa sun cigaba, ki faɗa wa likita, ciwon damuwa yana kama tsofaffi bayan karaya kuma ana maganinsa.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa a sallama, kuma yana ban takaici, a gyara karaya a bar cutar da ta kawo ta. Macen da gaɓar bayanta ta lotsa, kusan ɗaya cikin biyar wata gaɓar tana ƙara lotsawa cikin shekara ɗaya. Dan haka ki tambayi likita kai tsaye, me za a bata na zaizayar ƙashi? Za a duba jininta, kalsiyam da bitamin D da ƙoda, a tabbatar ba wata cutar bace take cin ƙashin, in akwai na'urar auna ƙarfin ƙashi a auna, a kuma duba haƙoranta kafin a fara. Akwai ƙwayar alendironet da ake sha sau ɗaya a sati da safe kafin a ci komai, da kofin ruwa cike, kuma dole mutum ya zauna a miƙe minti 30 bayan sha, kinga wani dalilin kenan na ta iya zama. Akwai zoledironet da ake sawa ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, a binciken da aka buga a 2007 ya rage sabuwar karayar baya da kashi 70 cikin 100 a shekara uku. Akwai allurar denosumab duk wata shida, ita sharaɗinta ba a tsallake lokaci kuma ba a dainawa haka kawai, in aka daina ba a maye gurbinta da wani ba gaɓoɓin baya suna iya lotsawa a jere. Ki kwashi duk magungunan da take sha ki tafi da su, masu sa bacci da wasu na hawan jini suna sa jiri, irin su firednisolon kuma suna cin ƙashi. A duba idonta, a sa ƙarfen riƙewa da shimfiɗar roba a banɗaki, a bar fitila da dare, a ɗauke duk abin da ƙafa zata harɗe da shi.

Zata ƙara tafiya? In dama da ƙafarta take yawo kafin ta faɗi, kuma ba a samu matsalar jijiya ba, ina da kyakkyawan zato sosai in sha Allah. Irin wannan ƙashin yakan kama cikin sati 6 zuwa 12, ciwon ma a wannan tsakanin yake lafawa, sai dai ƙarfin jiki ya fi ƙashi jinkirin dawowa, ki sa ran watanni, kuma sati biyar ɗin nan na kwanciya sai an biya bashinsu. Bazan ɓoye miki ba, ba kowane tsoho ne yake komawa daidai yadda yake ba, wata zata ƙare da sanda, wata bayan zai dinga mata ciwo in ta daɗe a tsaye, tsawonta ma zai iya ɗan raguwa. Za kuma a samu ranakun da zata ƙi tashi ta juya miki baya, ki ƙyale ta ranar, washegari ku sake.

Ke kuma ƙanwata sati biyar kina kwana a zaune, jikinki ba ƙarfe bane, kuma maigida da ya fara magana ba lallai rashin tausayi bane, gidansa yake gani ba ke. Ki zauna da shi ki masa bayani yadda na miki, cewa ana sa ran abin zai yi sauƙi in Mama ta fara tashi, ki faɗa masa kwanakin da zaki dinga kwana a gida. Sannan ki tara 'yan uwa a raba kwana a rubuce, wane ranar kaza wance ranar kaza, wanda bazai iya kwana ba ya kawo abin da za a ɗauki mai taya jinya ko na dare biyu a sati. Ki kula da naki bayan wajen ɗaga ta, ki durƙusa da gwiwa ki matso da ita jikinki, in tayi miki nauyi ki jira wani ya kama miki.

Yau da dare ki juya ta ki duba wurin nan, ki tambaye ta maganar fitsarin, gobe ki kira Yaya ya zo ya gani. In kun dawo daga asibiti ki rubuto min abin da hoton ya nuna, ki gaida min Mama da jiki.